Idan an kama ɓarawo a unguwa

A hirar da aka yi a wata fada (wato majalisar zaman hira) ta unguwar Birni, Damagaram, yawanci sun tsaya kan abu ɗaya: wanda aka kama, a riƙe shi ba duka, a kira mai unguwa, a miƙa shi ga 'yan sanda ko jandarmomi. Matasa suka ce ai kwana biyu ake sakinsa. Dattawa suka amsa cewa sau da yawa mai kayan ne ba ya zuwa ba da shaida, to alƙali ya yi yaya? Nan kam na ga gaskiyarsu.

An kuma ja kunne kan ihun "ɓarawo!" a kasuwar Dole, don mai gaba da wani yana iya fakewa da shi. 'Yan sintiri kuwa, mai unguwa ya san sunayensu, su bar adda a gida.