Dillali ba ya ɗaukar waya, rufi na yoyo, masai ya cika: in gyara in cire a kuɗin haya?

Mushen Lazare ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema, don abin ya kai ni bango.

Ni malamin lakkol ne a nan Yamai, shi ya sa ake ce mini Mushe. Shekara biyu da wata huɗu ke nan ina haya a unguwar Lazare, ɗaki biyu da falo, jika sittin a wata. Mu huɗu ne masu haya a gidan, tsakar gida ɗaya, ramin masai ɗaya. Ranar shiga na zube abans na wata uku, kosiyon (kuɗin jingina da ake mayarwa ranar fita) na wata biyu, da na dillali wata ɗaya. Jika ɗari uku da sittin cur, sai da uwargida ta ba ni kwasar adashenta. Mai gidan ban taɓa sa shi a ido ba. An ce ɗan kasuwa ne a Lome, ya bar gidajensa hannun wani dillali mai ajans.

Tun ruwan farko na Yuni ɗakin yara ya fara ɗiga. Da roba ɗaya muke tarawa, yanzu da Agusta ta shigo bokiti biyu ne da tukunyar tuwo. Silin ya yi baƙi, ya yi ciki ya sauko, in ka taɓa shi da sanda sai ka ji laushi kamar jiƙaƙƙen biredi. Daren Talata da aka yi ruwa da iska, ƙarfe uku muka kwashi yara zuwa falo. Katifa ta sha ruwa, jakar da nake aje takardun haihuwarsu ma ba ta tsira ba, sai da na shanya su ɗaya-ɗaya bisa tabarma na danne da duwatsu.

Wannan duk da sauƙi a kan masai. Ramin ya cika, ƙazanta na tsattsafowa ta gefen murfin siminti, kuma taku goma ne tsakaninsa da inda mata ke girki. Autata ta yi kwana uku tana zawo. Ban rantse daga nan ne ba, amma ban yi barci da daɗi ba.

Na tura wa dillali hoto, na tura murya sau goma sha ɗaya a WhatsApp. Yana saurare, alamar tana yin shuɗi. Sau ɗaya ya amsa: "In sha Allahu jibi zan turo magini." Jibin nan yau sati bakwai. Da yake bakans muke, wato hutun lakkol, sau uku na je ajans ɗin da ƙafata, kullum yaronsa ya ce ya fita yanzu-yanzu. Amma ran biyar ga wata yaron nan ba ya makara, da babur ɗinsa da littafin rasi. Ko ran jajibirin Layya sai da ya zo.

Magini ya duba, ya ce tol (kwanon rufi) huɗu da ƙusa da kwalin silin da kuɗin aiki jika arba'in da biyar. Motar kwasar masai kuma ta ce jika ashirin da biyar. Shin in gyara in cire a kuɗin watan gobe? Ko in riƙe hayar gaba ɗaya har ya zo da ƙafarsa? Maƙwabcina ya ce mu huɗu mu haɗa baki mu ƙi biya.

Baba na Bukoki ya amsa:

Wa alaikumus salam Mushe. Allah ya ba yarinya lafiya. Kada ka kuskura ka riƙe haya. Yau kai ke da gaskiya, ran da ka riƙe kuɗin gaskiya ta koma hannunsa. Zai buga wa mai gida ya ce malamin nan ba ya biya, ba zai faɗi yoyo ba, kuma kosiyon ɗinka na wata biyu yana aljihunsa.

Na yi shekara goma sha tara ina haya kafin Allah ya ba ni nawa. Irin wannan ta taɓa samuna a Talaje. Wata biyar ina bin dillali kan bangon da ya tsage. Ran da na samu mai gidan, tsohuwa ce, sai ta buɗe baki ta riƙe haɓa: ashe sau biyu dillalin yana cire mata kuɗin gyaran bangon nan a lissafi. Ka ga ya ci gaba ya ci baya.

Nemi mai gida. Ɗauko takardar wuta ta NIGELEC ko ta ruwa ka duba sunan da ke kai, sau da yawa na mai gida ne ko na mahaifinsa. Kai sunan wurin mai unguwa ko limamin masallacinku. Wanda ya gina gida a unguwa, akwai wanda ya sayar masa da fili, akwai wanda ya yi masa gadin siminti. Ba ya ɓata.

Tsohon ma'aikacin kotu ya amsa:

Mushe, Baba ya faɗi gaskiya, bari in ƙara ta fannin doka. Kundin dokar farar hula da muka gada daga Faransa ya ce a aya ta 1720, mai gida ne ke da nauyin duk gyaran da ya zama dole muddin ana cikin haya, ban da ƙananan gyare-gyare na mai haya, irin su makulli ko gilashin da ka fasa. Rufi ba ƙaramin gyara ba ne. Aya ta 1756 kuma ta ambaci masai da sunansa: yasar rijiya da kwasar masai na mai gida ne, sai in an rubuta akasin haka a kwantaragi. To je ka ɗauko takardar da ka sa wa hannu ka karanta ta layi-layi, don ajans da yawa suna cusa wannan sharaɗin a ƙasa su ɗora wa masu haya. Akwai kuma dokar haya ta 1996.

Amma hakkinka daban, ka yanke wa kanka hukunci daban. Cire kuɗi ba da yardar mai gida ba, ba da izinin alƙali ba, ana iya lissafa maka shi bashin haya.

Murya a WhatsApp ta isa haka. Rubuta wasiƙa da Faransanci, kwafi biyu, ku huɗu ku sa hannu. Faɗi abin da ya lalace, ranar da ka fara sanar da shi, ka ba shi kwana takwas. Kai ajans, ko yaron ne ya sa hannu da kwanan wata a kwafinka. In sun ƙi karɓa, nan ne aikin wisiye, wato ma'aikacin shari'a mai kai takardun kotu: ya zo ya gani da idonsa ya rubuta, ya kai masa takardar gargaɗi. Da kuɗi, amma ku huɗu ne. Na sha ganin dillalin da ba ya ɗaukar waya ya zo da gudu ran da takarda mai hatimi ta iso teburinsa. Kwamisariya kada ka ɓata man babur ɗinka, ba laifin duka ko sata ba ne, kotu za su tura ka.

Ɗan Adar ya amsa:

Mushe sannu da haƙuri. Mu nan Tawa mai gida ka san shi, ka san ubanai, in rufi ya yi yoyo bayan sallar asuba kaka tare shi ƙofar masallaci. Ku mutanen Yamai kunka ƙirƙiro ajans, ga ta nan.

Ni magini ne. Kafin a sayi tol huɗu, a sa yaro shi hau shi duba kan ƙusoshi da indararo. Sau tari tol lahiya lau yake, ƙusa ce ta yi tsatsa ramin ya buɗe, ko ganye da leda sunka toshe hanyar ruwa ya koma baya. Kwalta da ƙyalle na iya kai ku ƙarshen damana. Silin ɗin kau da ya yi ciki, a huda shi ruwan shi zube, a sauke shi yau, kada shi faɗo ma yara da dare.

Dillali ne ni ma ya amsa:

Ku yi mini afuwa, kowa ya taru a kan dillali. Ban kare abokin sana'ata ba, rashin ɗaukar waya rashin mutunci ne. Amma akwai mai gidan da in ka ce masa gyara sai ya ce wanda bai iya zama ya fita, akwai goma a layi. Ran shida ga wata yake son kuɗinsa cif ta kamfanin aika kuɗi na Nita, ko dala ba ta ragu ba. Ɗan abin da nake samu a gida ɗaya bai sayen tol biyu. Me zan ce wa mai haya? Wasu kunya ce ke sa su ɓuya. Mushe, in ka samu mai gidan kada ka fara da zagin dillali, tura masa hoton silin kawai ka ce gidansa ke lalacewa.

Mushen Lazare ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, dabararka ta yi. Sunan da ke takardar ruwa na kai wa mai shagon bakin layi, ashe ƙanen matar mai gidan abokin hirarsa ne. Jiya bayan isha'i na samu Alhajin a waya. Na bi shawarar dillalinmu na nan, hoto na fara turawa. Ya yi salati, ya ce shi ba wanda ya gaya masa. Ya yarda a yi rufin a cire a haya, na ce Alhaji a taimaka a rubuto mini, ya rubuto, na adana. Masai kuwa ya ce mu muka cika shi mu kwashe. Na duba kwantaragi yadda aka ce, babu maganar masai ko ɗaya a ciki. Mun dai haɗa kuɗi mota za ta zo gobe, don ba ma iya jira, zan riƙe rasin.

Silin mun sauke shi, Ɗan Adar, bokiti guda na ruwa ya fito da mushen ɓera. Yau da safe kuma sai ga kiran dillali, karo na farko cikin sati bakwai, yana tambaya wa ya ba ni lambar Alhaji.