Ina riƙon 'yan kyanwa marayu, yaushe zan bayar da su kuma wa zan ba?

Maman_Hanif:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema. Akwai wata mage da take kwana a sitonmu a nan Tudun Wadan Zariya, ba tamu bace amma mun saba da ita muna zuba mata ragowar abinci, to ta haihu 'ya'ya huɗu sai kawai muka wayi gari ta mutu a bayan ɗaki, muna zaton ɓeran da aka sa wa guba ta ci dan maƙota sun zuba maganin ɓera. 'Ya'yan ko ido basu gama buɗewa ba. Na kwaso su na sa a kwali ina basu madarar gari da cokali amma ɗaya ta fara zawo, kuka suke yi duk dare wlh tausayinsu ya hana ni barci. Maigida yace in riƙe su su yi ƙwari amma ba zasu zauna ba saboda Hanif yana da asma. Yaran unguwa har sun fara layi kowa yana so a bashi, banda baƙar cikinsu da babu mai so. Me zan dinga basu? Kuma sai sun kai yaushe zan raba su?

Dr_Dabbobi_Samaru:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka da alheri. Tunda idonsu yanzu yake buɗewa basu wuce kwana 7 zuwa 10 ba. Ki fara tsayar da madarar garin nan, madarar shanu ce kuma ita ke kawo musu zawon, cikinsu baya iya narkar da ita. Akwai madarar 'yan kyanwa ta musamman a shagunan kayan dabbobi, in bata samu ba nonon akuya da aka dafa ya huce ya fi sauƙi a cikinsu kafin ki samo. Ki ajiye cokali ki sayi ƙaramin sirinji a kemis ki cire allurar, ki dinga ɗiga musu a hankali duk bayan awa 2 zuwa 3 har da dare, suna kwance a kan cikinsu, kar ki kwantar da su rigingine kamar jariri sai madarar ta shiga huhu.

Abu biyu da mutane basu sani ba kuma su suka fi kashe su. Sanyi, a wannan shekarun jikinsu baya iya ɗumama kansa, ki zuba ruwan ɗumi a gora ki naɗe da tsumma ki sa a gefen kwalin, kuma wadda kika ji jikinta yayi sanyi kar ki bata abinci sai ta ɗumama. Sannan basa iya fitsari da kashi da kansu, uwar ce take lashe musu, to bayan kowane ci ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi ki shafa musu ƙasan bindi har su yi. Mai zawon nan ki kawo ta asibitin koyarwa na dabbobi na ABU a duba ta yau ko gobe, zawo baya jira a jiki irin nasu. Kuma dan Allah kar a basu farasitamol, guba ce ga kyanwa ko ɓari ne.

A sati 4 zasu fara lasar abinci mai laushi, kifi ko kaza dafaffe da aka marmasa ba albasa ba tafarnuwa ba yaji. Bayarwa kuma kar ki yi kafin sati 8.

Umma_Katsina:
'Yata maganar likita ta wadatar a kan ci, ni a kan bayarwar zan yi magana dan nan ne ake yin ɓarna. Kar ki ba yaro. Yaro zai ɗauka da murna ya kai gida, uwarsa tace wa ya aike ka, kafin magariba an jefa ta bola ko an ɗaura mata igiya a wuya ana ja a layi. Duk yaron da yazo kice ya turo mamarsa, wadda ta tako da ƙafarta tazo to ita ce mai so da gaske. Ni na daɗe ina kiwon maguna kuma na bayar da su da yawa, yadda ake bada 'yar riƙo haka nake yi, sai na san gidan, na san maigidan ya yarda, na tambaya suna sa maganin ɓera ko basa sawa, akwai kare mai faɗa ko babu, in sun yi tafiya wa zai zuba mata ruwa. Masu shago da masu sito suna yawan nema saboda ɓera, ba laifi bane amma wasu sai su ƙi bata abinci wai dan ta fi kamu, wannan zalunci ne kuma ƙosasshiyar mage ma tana kamu sarai. Kuma ki faɗa musu tun farko, in abin bai yiwu ba a dawo miki da ita ba kunya ba jin nauyi, ya fi a sa ta a buhu a kai ta bakin kasuwa a saki. In da hali ki bada biyu gida ɗaya, sun fi saurin sabawa. A sabon gidan a kulle su ɗaki ɗaya kamar sati biyu kafin a bar su yawo, in ba haka ba ɓata zasu yi.

Sadiq_Fagge:
Ni fa ina ganin an tsawaita abin. Mutane na fama da abin da zasu ci, ina kuɗin madara ta musamman da asibiti? A ƙauye mage tana haihuwa tana girma ba wanda ya san wani sirinji.

Umma_Katsina:
Sadiq wanda ke ƙauyen da uwarsu suke tashi, waɗannan basu da ita. Sirinji da auduga nawa suke? Kuma ai ka san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta tsare bata ciyar da ita ba bata sake ta ta nema ba. Tunda sun shigo hannunta amana ce. Baƙar kuma da ake gudu, camfi ne kawai na cewa mayya ce ko aljana, launin gashi ne. A hadisin Abu Ƙatada Annabi (SAW) yace mage ba najasa bace, tana cikin masu kai kawo a tsakaninmu, bai ware fara da baƙa ba.

Bala_Bukuru:
Nawa na karnuka ne amma zai amfani wani. Ina yawan tsintar kwikwiye a kwata ko kango in raine su in nema musu gida, yawanci masu gona da masu gadi ke karɓa. Mu a nan Filato babbar damuwarmu wanda zai zo da daɗin baki yace gadi yake so, ashe kasuwar karnuka ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke, inda ake sayar da su ga masu cin naman kare, za a kai shi, shi yasa bana ba wanda ban san gidansa ba, kuma bayan na bayar ina leƙawa in ga kare da idona. Sai maganar allurar haukan kare, ana yin ta daga wata 3 kuma a maimaita duk shekara, cibiyar binciken dabbobi ta Vom nan kusa da mu tana haɗa ta. Kyanwa ma tana kamuwa da ciwon, kar a ce sai kare. Wanda dabbar da aka tsinta ta ciza ko ta yakusa har ta fasa fata ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 ya wuce asibiti, kar ya tsaya sai ya ga alama, in alama ta fito babu magani.

Maman_Hanif:
Nagode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na aika a sayo sirinjin, maƙociyata kuma tana da akuya mai shayarwa. Likita na ga ƙuma a jikinsu, zan iya fesa musu maganin da ake yi wa karnuka na kaska?

Dr_Dabbobi_Samaru:
A'a Hajiya, kar ki kuskura. Da yawan maganin kaska na kare akwai sinadarin fametirin a ciki, yana sa kyanwa jijjiga har ta mutu, haka piya-piya da maganin sauro na feshi, kar su kusanci kwalin. Ki taje su da ƙaramin mataji mai haƙora ƙanana kina tsoma shi a ruwan sabulu, ki canza tsumman kullum ki wanke da ruwan zafi. In kin kawo su za a auna nauyinsu a basu maganin tsutsar ciki daidai da shi. Kuma ki gaya wa waɗanda zasu karɓa cewa macen tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko 6, cikin kuma wata biyu ne da 'yan kwanaki, wanda baya son gida ya cika ya kawo ta a yi mata aikin hana haihuwa, muzurun kuma a dandaƙe shi. Ki taho da su a kwalin a rufe da gorar ruwan ɗumin a ciki, da safe ya fi kafin layi yayi tsawo.