Zauren 'yan garinmu: wace sanda ƙaninmu zai saya don hawan tsaunin ƙanƙara?

Ɗalibinmu na Erzurum: Assalamu alaikum mutanen gida. Ya hunturu, ya sussuka? Shawara nake nema. Abokan karatuna sun koya mini zamiyar ƙanƙara a tsaunin Palandöken, nan gefen garin Erzurum a Turkiyya. Bana sun ce mu bar filin da keken igiya ke kai mutane sama, mu zagaya bayan tsauni inda mutum zai hau da ƙafarsa sannan ya zamo. Takalmi da allunan zamiya haya zan karɓa, sandunan biyu ne nake son nawa na kaina. Na shiga shago na ga iri-iri, kaina ya ɗaure. Yaya na Innsbruck a Ostiriya, kana kusa?

Baffa na Ringim: Wa alaikumus salam. Ɗana, mahaifiyarka ta san da wannan hawan kuwa? In dai sandar dogarawa ce, ni ban san abin da ya fi gora ba. Ga rashin nauyi, ga juriya.

Yaya na Innsbruck: Baffa, ranka ya daɗe, ai Turawan ma da gorar suka daɗe suna yi, sai a 1958 wani Ba'amurke, Ed Scott, ya fito da ta alminiyam ta kore ta a kasuwa.

Ƙanena, fara da tsayi. Kifa sandar, mariƙin ya taɓa ƙasa, ka kama ƙarƙashin ɗan faifan nan na kusa da tsini. In gwiwar hannunka ta yi kusurwa daidai, digiri 90, tsayinka ke nan na gangarowa. Mai tsayin santimita 170 yakan tsaya wajen 120. Wajen hawa kuma za ka so ƙarin santimita 5 zuwa 10, don da ita kake tura jikinka gaba. Shi ya sa mai gaɓa biyu za ka saya, wadda ake zuƙewa a miƙe. Ka bar mai gaɓa uku da ake naɗewa, ta masu yawon ƙafa ce, in ka jibga mata nauyi a gangare sai ka ji tana rawa.

Malamin firamare: Ni abin da nake ji game da kaya irin wannan, a duba wurin da gaɓoɓin suka haɗu. Nan ne kowane abu mai zuƙewa yake fara cin amana.

Yaya na Innsbruck: Malam ya taɓo inda ke da muhimmanci. Makullin iri biyu ne. Akwai na murɗawa, akwai mai ɗan harshe da ake dannawa daga waje, irin FlickLock na Black Diamond ko SpeedLock na Leki. Na murɗawa in ruwa ya shiga ya daskare, ko ya ƙi buɗuwa ko ya riƙa sulɓewa, kana dogarawa sandar ta shige cikin kanta ka tafi da fuska. Ga shi da safar hannu mai kauri ba ya murɗuwa da daɗi, kuma sanyin Erzurum yakan wuce digiri 20 ƙasa da sifili, ba wurin cire safa ba ne. Mai harshen nan da babban yatsa kake rufe shi, in ya yi sako-sako akwai ɗan noti da za ka ƙara ɗaurewa.

Ɗalibinmu na Erzurum: Mai shagon ta kabon, wato wadda aka yi da zaren kabon ba da ƙarfe ba, yake ta miƙo mini, wai ta fi sauƙin ɗauka. Kuɗinta ne ya tsaya mini a rai.

Yaya na Innsbruck: Ba ƙarya ya yi ba, ta fi rashin nauyi. Amma kabon in ta bugi dutse ko bakin allo ya yanke ta, tsinkewa take yi ɗas, ta bar ka da guntu a hannu a wurin da ba shago. Alminiyam, musamman samfurin 7075, lanƙwasa take yi, ka miƙe ta a hankali ta kai ka gida. Sandunan alminiyam biyun duka nauyinsu bai fi rabin kilo da ɗan wani abu ba. Mai koyo da zai sha faɗuwa, alminiyam ce tasa.

Sai faifai. Ƙaramin da ke zuwa da sandar fili lumewa yake yi a sabuwar dusa har mariƙi. Nemi mai faɗi, wajen santimita 10. Mariƙin kuma ya zama mai soson da ya sauko ƙasa sosai, don in kana ratsa gefen tsauni hannun da ke ɓangaren sama saukowa zai yi ya kama tsakiya.

Anti ma'aikaciyar jinya: Ni igiyar da ake zura hannu ce ta dame ni. In mutum ya faɗi sandar na maƙale a tafinsa, jijiyar gindin babban yatsa ke yagewa, wani sai an yi masa tiyata. Ka kula don Allah.

Yaya na Innsbruck: Anti, akwai wanda ya fi wannan. A inda ƙanƙara ke iya zaftarowa, ko cikin bishiyoyi, cire hannu ake yi daga igiyar gaba ɗaya. In zaftarewa ta kwashi mutum, sandar da ke ɗaure jan hannunsa take yi ƙasa, ta hana shi kare fuskarsa. Ƙanena, kuɗin da ka rage daga kabon ka zuba shi a abu uku: na'urar gano wanda ƙanƙara ta binne, shebur, da doguwar tsinkar bincike. Sandar zamiya ba ta maye gurbin tsinkar. Wanda aka tono cikin mintuna 15 na farko yawanci yana rayuwa, bayan haka abin tsanani yake yi da sauri. Kuma kada ka bi abokai kawai, ku tafi da jagoran da ya san tsaunin.

Baffa na Ringim: To wannan ta jagoran ita na fi riƙewa. In babu shi, ban yarda ka je ba.

Ɗalibinmu na Erzurum: Na ji, Baffa, kuma zan kira Inna yau in gaya mata. Gobe bayan Juma'a zan koma shagon da safar hannuna in gwada makullin. Yaya, zan turo maka hoto kafin in biya.

Yaya na Innsbruck: Turo har da na faifan, ka kuma tambaye shi ko ana samun na canji in ya ɓalle.