Neman shawara: agogon ƙarfe da zinariya, da jakar goyo ta hawan dutse

Baban Walid, Jidda:
Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, wani abokin kasuwanci ya yi mini tayin agogon Rolex Daytona na hannu, wanda aka taɓa amfani da shi, mai launi biyu, wato ƙarfe haɗe da zinariya, kuma niyyata in ajiye shi a matsayin kadara, in riƙa ɗaurawa jefi-jefi. Sannan idan zafi ya tsananta za mu tafi Abha hawan Jabal Sauda, ina kuma duba jakar goyo irin wadda ake maƙala wa aljihuna a cire su. Shin ta cancanci kuɗinta, kuma agogon zai jure irin wannan tafiya?

Malam Na-Makka:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a kai ga maganar dutse, ka sani cewa zinariyar da ke jikin wannan agogo ba ruwan zinariya ba ce, tsantsar karat 18 ce, wadda kashi 75 cikin ɗari nata zinariya ne, kuma malamai sun tafi a kan cewa ba ta halatta ga namiji ya ɗaura. Saye domin ajiya ko sayarwa magana ce daban.

Mai Gyaran Agogo, Jidda:
Alhaji, Daytona ya fito a 1963, amma mai launi biyu bai zo ba sai 1988, lokacin da kamfanin ya ɗora shi a kan injin wani kamfanin agogo mai suna Zenith, ya kuma ci gaba da hakan har 2000 da ya fara sa injin kansa. Masu tara agoguna suna neman na wancan zamani, duk da cewa a kasuwa na ƙarfe zalla ya fi farin jini. Kada ka biya ko riyal ɗaya sai an buɗe bayansa a gabanka, an duba lambarsa, an gwada ta da takardunsa. Ka danna maɓallin sama allurar awon lokaci ta tashi, ka tsayar da ita, sannan ka danna na ƙasa, domin idan ba ta koma kan goma sha biyu daidai ba, akwai aiki a gaba. Ka lura kuma da gefuna, saboda zinariya tana da laushi, kuma agogon da aka sha gogewa har kusurwoyinsa suka mutu darajarsa ta faɗi. Wannan kaɗai ya isa ka bar shi a gida, ka ɗaura Casio ka hau dutse.

Abu Hafsa, Ɗa'if:
Game da jaka, wannan tsari na layukan igiya da ake maƙala aljihuna ya samo asali ne daga sojojin Amurka, waɗanda kayansu ke canzawa daga aiki zuwa aiki. A ganina mai yini guda a dutse ba ya bukatarsa sosai, domin igiyoyin kansu nauyi ne, kuma duk abin da aka rataya a waje yana nisanta kaya daga baya, ya riƙa jan mutum a gangare. Jabal Sauda ya kai kusan mita 3,000, akwai sanyi da hazo, saboda haka rigar sanyi da ruwa su ne kayanka, kuma kowace litar ruwa kilo ɗaya ce. Ka nemi mai ɗamara mai kauri wadda za ta ɗora nauyin a ƙugu, ka sa ruwan kusa da bayanka. Aljihu ɗaya na magani da ake cirewa da sauri yana da amfani, amma kada ka zuba dabino a aljihun waje, domin biran wajen ba su jin kunyar kowa.