CA 19-9 ya kai 140, shi ke nan sankara ce?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum. Ina da tambaya ga masana. Dattijo ne hoton CT ya nuna masa ƙullutu mai ruwa, santimita 2, a kan pankiriyas, gaɓar nan ta cikin ciki mai taimaka wa narkar da abinci. Idonsa ya yi ɗorawa, gwajin jini na CA 19-9, wanda ake nemo alamar sankara da shi, kuma ya nuna 140. Dangi har sun fara koke-koke. Lambar nan ta isa a yanke hukunci?

Hajiyar Asawase: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba ta isa ba. Iyakar da aka saba ita ce 37 U/mL, amma toshewar bututun maɗaciya kaɗai kan ɗaga ta, haka ma kumburin pankiriyas. A buɗe hanyar, shawarar ta sauka, sannan a sake aunawa. Akwai kuma waɗanda jikinsu ba ya yin CA 19-9 sam, saboda rukunin jininsu na Lewis, kuma sun fi yawa cikin baƙar fata. Irinsu sai ciwo ya ci jiki lambar tana ƙasa. Ni abin da ya fi tayar mini da hankali shawarar ce. Ƙullutu a kan pankiriyas tare da shawara, likitan tiyata ake nema. A kai shi asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Malam na Zango: Hajiya ta gama magana kan jini. Saura ruwan ƙullutun. Ana zuƙo shi da allura ta bututun hoto da ake zurawa ta baki, wato EUS. CEA, wani sinadari da ake aunawa a ruwan, in ya haura 192 ng/mL na nuna ƙullutun mai majina ne, irin wanda kan iya rikiɗa ya zama sankara. Amma a kula, yawan CEA ba ya nuna ya riga ya zama sankara. Nan mutane ke yawan kuskure. Sukarin ruwan in ya gaza 50 mg/dL, shi ma majina ce, kuma ɗigo ɗaya ya wadatar. Amilas, sinadarin narkar da abinci da pankiriyas ke yi, in ya gaza 250 a ruwan na nuna ba irin ƙullutun da kan biyo bayan kumburin pankiriyas ba ne. A gwajin ƙwayoyin gado, sauyi a ƙwayar GNAS na nuni ga IPMN, wato ƙullutu mai majina na bututun pankiriyas, sauyi a VHL kuma ga serous, ƙullutu mai tsinkakken ruwa wanda kusan ba ya cutarwa. In aka ga sauyi a ƙwayar TP53 ko SMAD4 ƙari a kan na KRAS, to abin ya fara muni.

Ɗan Aboabo: Malam, in ba a samu EUS ɗin ba fa?

Malam na Zango: A yi MRCP, wato hoton MRI na bututun maɗaciya da na pankiriyas. A duba faɗin babban bututun pankiriyas: milimita 10 zuwa sama, ko tsiron da hoto ya nuna jini na shigarsa, na milimita 5 zuwa sama, a cikin ƙullutun, maganar tiyata ce. Allah ya ba shi lafiya.