Wai me ke damun Man United ne?

Dan Fagge: Yan uwa don Allah ku fada min, tun da koci Ferguson ya tafi a 2013 ba mu sake daga Firimiya ba, kakar 2024/25 ma na 15 muka kare da maki 42 alhali Liverpool ta dauki kofi da maki 84, wlh har gidan kallo na daina zuwa saboda tsokana.

Bakatsine: Malam matsalar daga sama take, ana ta zuba kudi a yan wasan da ba su dace ba, ana canza koci kamar riga.

Mai Jan Kaya: Ni wanda ya fi kona min rai final din gasar Europa na 2025, Tottenham da ta kare na 17 ita ta ci mu 1-0. Kuma yanzu Liverpool ta kamo mu a yawan kofin lig din Ingila, kowa na da 20.

Dan Fagge: Kai dan uwa bar tuna min.