Manhajar burauza ko wadda ake girkawa?

A wata tattaunawa kan ko gara a yi amfani da manhaja a burauza (manhajar buɗe shafukan intanet) ko a girka ta a kwamfuta, yawancin masu tattaunawar sun tsaya kan shawara ɗaya: abin da ba kullum kake buƙatarsa ba, buɗe shi a burauza kawai. Burauza tana killace shafi, ba zai taɓa fayilolinka ko kyamararka ba sai da yardarka. Manhajar da ka girka takan fi sauri, sau da yawa tana aiki ko babu intanet, amma a Windows takan samu duk ikon da kake da shi kan fayilolinka. A ganina nan matsalar take. Tun 2015 Android ke neman izini a lokacin da manhaja ke son kyamara ko makirufo, kuma ya kamata tsarin kwamfuta ya killace kowace manhaja haka. Kafin a kai ga haka, a riƙa sabunta tsarin, a janye duk izinin da ba shi da dalili.